Shekarar da Na Laƙa wa Rezo Laifina

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Illiya in takardar nan ta iso hannunku, akwai maganar da kunka taso da ita wadda ba gaskiya ba ce, kuma ni na shuka ta. Kun taso kuna jin cewa ƙanena Illiya ya tafi Abijan ya manta da gida, kakanku ya yi ta jiran muryarsa har ya rasu bai ji ba. Rabin maganar haka take: kakanku bai ji muryarsa ba. Sauran rabin shi ne zan rubuta, tun idona yana ganin layi. Na daɗe ina cewa gobe. Yanzu duk waɗanda sunka san abin sun riga ni, in na yi shiru shi ke nan ƙarya ta zama tarihi.

Mu biyu ne maza wurin Baba, ni Sha'aibu babba, Illiya yana bi na da shekara biyar. Innarmu ta rasu tun muna samari. Garinmu kun san shi, yamma da Tajaye, cikin kwari, tudu ya yi masa katanga ta kudu. Baba manomi ne mai zafin rai, ba ya maimaita magana. Abin da ya fi ƙauna a duniya bayan salla shi ne wani jan sa da ya yi kiwo tun yana maraƙi, shi ke ja mana garma da amalanke. Wani rani Illiya ya ce zai tafi biɗa, neman kuɗi a ƙetare, kamar sauran samari, Baba ya ce ba inda za shi. Ran kasuwa Illiya ya kora san nan ya sayar, ya shiga mota, sai labari munka ji. Baba ya tsaya tsakar gida ya ce kada wanda ya ƙara ambaton sunan yaron nan a gabansa. Daminar nan da hauya munka yi ta, ni da shi da uwarku Zali, tana da cikin fari. Shekara takwas anka yi haka. Ni ke noma, ni ke zuwa cin rani Konni in yi dakon albasa in dawo, ni na haɗa kan abin da anka sayi jaki. Da gwiwoyin Baba sunka ƙi, idonsa ya fara hazo, ni ke kama shi zuwa masallaci. Mutanen gari suna cewa Allah ya ba Malam Bawa ɗa ɗaya tamkar goma. Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan tana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Shekarar da ta biyo bayan farar da ta cinye gonaki, da rani, wani ɗan garinmu ya dawo daga Abijan ya sallama ƙofar gidanmu da ƙunshi a hannu. Cikin ƙunshin akwai turmin atamfa na Zali, da farar jallabiya, da wata 'yar baƙar salula. Ya ce Illiya ne ya aiko. Ya ce kowace Juma'a bayan la'asar Illiya zai shiga kabin, wato shagon buga waya, can Abijan ya buga wannan lamba, a samu wanda zai riƙe ta inda rezo yake, wato inda layin waya yake kamawa. Baba yana zaune bisa buzu bai ɗaga kai ba. Da baƙon ya tafi sai ya ce a ɗauke masa tarkacen nan daga gabansa. Amma bai ce a mayar ba, kuma duk gidan mun lura da haka.

Ku da kunka taso salula tana hannun kowa, kuna ƙorafi in kun zo gida wai hoto yana daɗewa bai buɗe ba alhali a Konni nan take yake buɗewa, ba za ku gane yadda abin yake a lokacin ba. Rezo a wancan zamani titi yake bi. A Konni sandunan nan na fuskar salula cike suke, har wani lokaci in ka matsa wajen iyaka rezon Nijeriya ya fizge ka. A Tsarnawa akwai, a Malbaza akwai. Kana sauka daga kwalta ka nufo mu sai su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka iso kwarinmu babu ko ɗaya. Salular ta shigo hannuna ne domin na yi lakwal, makarantar boko, shekara huɗu, ina karanta lamba. Kwana uku ina yawo da ita sama da kaina kamar mai neman wata, na hau rumbu, na hau katangar masallaci, babu. Ran na huɗu na hau Tudun Maƙera. Akwai wata aduwa a kafaɗar tudun, inda hanyar amalanke take iyaka. Nan babu komi. Amma in ka ƙara taku kamar talatin, ka hau wani falalen dutse ka fuskanci kudu, sai sanda ɗaya ta fito, in iska ta kwanta har biyu. Taku talatin ɗin nan ba su da wuya, gangare ne mai sauƙi, ko tsoho in an kama shi zai kai. Ku riƙe wannan.

Juma'ar farko ina bisa dutsen salula ta yi kuka, har na kusa yar da ita. Na danna, na kara a kunne.

"Yaya? Yaya Sha'aibu, kai ne?"

Muryarsa ta yi kauri, amma ita ce. Na ce ni ne. Ya fashe da kuka, ni ma na yi, wannan kukan na gaskiya ne. Ya tambayi Zali, ya tambayi yaran da bai taɓa gani ba, ya tambayi wa ya mutu wa ke raye. Can sai ya ce:

"Baba hwa? Shina lahiya? Yaya, ka roƙa mini shi. Ka ce mishi na san abin da na yi. Ba ni son komi, in ji muryatai kawai, ko zagina ne shi yi."

Da na sauko na iske Baba a zaure. Na faɗa masa duk yadda munka yi, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi. Zali tana bayan zana da tire a hannu ta ƙi motsi. Can ya ce:

"Muryar mai ƙoshi ce ko ta mai yunwa?"

Na ce ta mai ƙoshi ce. Ya ce to. Bai ƙara komi ba. Amma Juma'ar da ta zagayo da farar jallabiyar nan ya tafi masallaci.

Wata biyu anka yi ina hawa ina saukowa da gaisuwa. Baba bai ce ya huce ba, amma tun ran Alhamis yake tambaya ko an kai salula Tajaye an yi mata caji. Ya fara ambaton sunan da ya hana a ambata. Har sau biyu ya kira ni Illiya, ya gyara. Ni kuwa wani abu ya fara tsira a ƙirjina wanda ban san sunansa ba a lokacin. Wata rana da hantsi na dawo daga rijiya na sauke jarkoki bayan zaure, sai na ji shi yana hira da abokansa tsofaffi. Ɗaya ya ce ai Sha'aibu ne ɗa, shi da ya zauna. Baba ya yi dariya, ya ce:

"Sha'aibu mai haƙuri ne, Allah shi yi mishi albarka. Amma ai ba shi da wayon tahiya, shi ya sa ya zamna. Illiya ne ya biyo ni. Ni ma da ƙuruciya sai da na kai Kumasi ba da sanin tsohona ba."

Sunka yi dariya gaba ɗaya. Yau da na kai shekarun da yake a lokacin, na san hirar tsofaffi ce, ba da nufin komi ba. A ranar kuwa tsaye na yi igiyar jaki a hannuna, ina jin shekara takwas ɗin nan suna zubewa ƙasa. Ashe zaman da na yi rashin wayo ne. Ashe wanda ya sace sa ya gudu shi ne ya biyo ubansa. Ban shiga zauren ba. Na zagaya ta baya na shiga gida, Zali ta ba ni ruwa na ce ba ni sha.

Farkon damina wata Juma'a hadari ya taso, na hau dutse na tsaya har rana ta yi ja, ko sanda ɗaya babu. Wannan gaskiya ce. Na sauko na ce wa Baba yau rezo bai kama ba. Na ga fuskarsa ta faɗi, ya juya ya dubi bango. Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne na ji sanyi a raina. Na ga ashe akwai kalmar da za ta rufe ƙofar nan, kalmar da ba wanda zai iya musa mini ita, domin duk garin ba mai salula sai ni, kuma ba wanda ya san yadda rezo yake zuwa da tafiya. Juma'a ta gaba sama tas take, sanda biyu. Illiya ya kira, ya ce ko Baba ya fara saukowa, ko za a iya kawo shi tudun ko sau ɗaya. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa:

"Illiya, ka yi haƙuri. Tsoho bai huce ba. Ya ce in daina kawo mishi zancenka. Ka bari tukuna, ni na san lokacin da zan taɓa shi."

Sannan ya ce:

"Ba komi, Yaya. Ni na jawo. Na gode da wahalar da kake yi mini."

Na sauko na ce wa Baba rezo ne.

Haka na yi ta yi. Ban zauna na tsara ba, kowace Juma'a ina hawa da niyyar yau zan gyara, in sauko da ƙaryar jiya a bakina. Wani lokaci in ce iska ce, wani lokaci in ce an ce ƙarfen rezo na Malbaza ya lalace. Baba ba ya gane komi a ciki, sai ya gyaɗa kai. Wata rana ya ce:

"Rezo kullum, Sha'aibu? Ko dai yaron ne ya gaji da kira, kana ɓoye mini?"

Na sunkuyar da kai ban amsa ba. Ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa, ni kuwa na bar shi ya ɗauka. Daga nan maganar ta fita gari.

Ana tsakiyar maimai, gero ya kai gwiwa, ran wata Juma'a da munka dawo masallaci Baba ya ƙi cire jallabiya. Ya ce in ɗaura wa jaki amalanke. Na ce za mu ina? Ya ce tudu. Na ce Baba gwiwarka, ya ce ba da gwiwa zai yi magana ba. Na ce hanya ta lalace da ruwa, ya ce in ba zan kai shi ba zai sa a kira masa wani. Zali ta shimfiɗa masa tabarma da bargo a amalanke, ta cika masa buta, tana ta murna, har tana cewa a gaida mata ƙanen miji. Na ɗauke shi na aza. A lokacin nan na ji yadda ya zama ba nauyi. Muna tafe yana yi mini hirar da bai taɓa yi ba, yadda Illiya yana ƙarami ya faɗa rijiyar lambu aka ciro shi yana dariya, yadda innarmu take cewa yaron nan ƙafarsa ba ta zama. Ni dai ina kora jaki, gumi yana bin bayana ba na rana ba. Na san in sunka yi magana minti ɗaya, Illiya zai ce Baba an ce ka hana a kawo maka zancena, Baba zai ce wa ya ce.

Munka iso gindin aduwa. Kowa yana gona, ba kowa a tudun sai mu. Na tsayar da jaki. Falalen dutsen yana gabana, ina ganinsa, rana tana haska shi. Baba ya ce:

"Nan ne wurin?"

Na ce nan ne.

Na sauke shi na zaunar da shi a inuwa. Ya miƙo hannu na ba shi salula. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya kai ta kusa da idonsa, ba ya ganin komi a fuskarta. Ya ce ya kama? Na ce bai kama ba tukuna. Ya ɗaga ta sama yadda ya ji ana cewa ina yi, hannun jallabiya ya zame har kafaɗa. Ya ce yanzu hwa? Na ce babu. La'asar ta yi, munka yi salla nan, shi a zaune, ni ina bayansa. Na san a daidai lokacin nan Illiya yana tsaye a kabin yana buga lamba yana sake bugawa. Sau uku na ɗaga ƙafa zan ce Baba bari mu matsa gaba kaɗan. Sau uku na mayar da ita. Da inuwar aduwa ta yi tsawo sai ya ce mini:

"Wai abin ga, in mutum ya yi magana ciki, ba ya ajiye ta har rezo shi zo shi ɗauka?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce bari dai shi gwada. Ya kara ta a kunne, a juye ma ya riƙe ta, ya gyara murya kamar mai shiga gaban alƙali.

"Illiya. Ni ne ubanka. Zancen san ga ya wuce, na yahe maka duniya da lahira. Sa dabba ne, da yanzu ma ya mutu. Ka zo gida in gan ka, ko ban gan ka ba in taɓa ka. In ba ka da na mota ka zo hakanan, kada ka tsaya neman abin da za ka riƙo. Allah shi yi maka albarka. Shi ke nan."

Ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau kada maganar ta zube. Ya ce in kuma ba ta je ba, ranar da yaron ya kira in faɗa masa da bakina. Na ce to. Na ɗauke shi na mayar a amalanke. Munka sauko gida.

Zali ta tarye mu a ƙofa. Ta ga fuskar Baba ba ta tambaye shi ba. Sai da na kwance jaki ta same ni a turke. Ita ta taɓa hawa tudun sau ɗaya tare da ni, lokacin da ta yi magana da wanta da ke Agadas. Ta ce:

"Malam, ina kunka tsaya?"

Na ce gindin aduwa. Ban yi tunani ba na faɗa.

"Gindin aduwa," in ji ta. "Ko ni da ban yi lakwal ba na san ba a samu nan."

Na daka mata tsawa, na ce mi ta sani game da salula. Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba tun aurenmu, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Uwarku ba ta tona ni ba, ko ga Baba, ko ga kowa, har ta koma ga Allah. Na sha tambayar kaina ko da ta tona ni da ya fi mini. Abin da ta yi shi ne daga ranar ba ta ƙara ɗaura atamfar da Illiya ya aiko ba. Ta ninke ta ta sa ƙasan akwati, in na tambaya sai ta ce ba ta da fuskar sa ta.

Na ce a raina bayan girbi zan gyara. Zan faɗa wa Illiya tsoho ya sauko, in kai Baba bisa dutse, in san yadda zan lulluɓe abin da ya wuce. Baba bai kai girbi ba. Zazzaɓi ya kama shi gero yana fitar da kai, kwana biyar, ran Talata da azahar ya cika, kansa bisa cinyata. Anka yi jana'iza, gari ya cika, kowa ya riƙe hannuna yana cewa kai kam ka gama da ubanka lafiya. Ran Juma'a na hau tudu. Ban taɓa samun rezo mai kyau kamar na ranar ba, ina jin har ƙahon motocin Abijan. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi kuka mai tsawo, mai kabin yana yi masa magana da Faransanci. Sannan ya yi tambayar da na san zai yi.

"Yaya, bai ce komi ba a kaina? Ko kalma guda?"

Maganar Baba tana bakina, kalma bayan kalma, ba abin da na manta. Amma in na faɗa, zai ce yaushe ya huce, mi ya sa ba a gaya mini ba, ai kowace Juma'a ina kira. Na dubi garinmu a ƙasa, rumfar zaman makoki tana nan ba a kwance ba, mutanen da ke ce mini ɗa tamkar goma suna zaune a ciki. Na ce:

"Bai ce komi ba."

Wannan ita ce mafi muni a cikinsu duka, domin a ranar ba sauran haushi a raina. Tsoro ne kawai na kada a san ni.

Illiya bai zo gaisuwa ba. Ya ce ba shi da idon da zai dubi kabarin. Kiran ya ragu, daga kowace Juma'a ya koma wata-wata, har ya tsaya. Gari ya ce kun gani, ɗan da ko mutuwar ubansa ba ta kawo shi ba. Ni ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma ina zaune ake faɗi, kuna wasa a gefe kuna ji. Shekara huɗu bayan nan ya dawo ƙasa da mata da yara biyu, ƙirjinsa ya lalace da aikin siminti. Bai zauna garinmu ba. Ya kama ɗaki a Konni, ya kafa tebur kusa da tasha yana sayar da batir da tocila. In ya zo gari sai ya kwana ɗaya, ya gaida ni da ladabi, ya tafi. Ko gonar gado bai nemi a raba ba, ya ce wanda ya wahala da ita shi ya cancanta. A lokacin an kafa dogon ƙarfe kusa da mu, ana samun rezo har cikin ɗaki, ba mai hawa tudu.

Abin da ya kai ni Konni a ƙarshe uwarku ce. Tana jinyar da ba ta tashi ba, wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe hannuna ta ce:

"Malam, saƙon tsoho yana wurinka har yanzu. Ni na yi shiru ne don 'ya'yanka. Kada ka bari in tahi da rabin nauyin ga."

Ashe Baba ya taɓa gaya mata cewa ya bar wa Illiya saƙo a hannuna. Bayan sadakar bakwai ɗinta na shiga mota. Na iske shi a teburinsa da hantsi, ya tashi da sauri ya ba ni bencinsa, ya aika a kawo mini fura. Na ce ya zauna. Na faɗa masa duka, tun daga hirar zaure har gindin aduwa, ban gyara kaina ba. Motoci suna wucewa, masu kabu-kabu suna kiran fasinja, wata mata ta zo sayen batir ya ce mata babu alhali ga su a gabansa. Da na kai ga maganar Baba sai ya ɗaga hannu.

"A hankali. Hwaɗa mini yadda ya hwaɗa."

Na faɗa. Ya ce in sake. Na sake. Da na zo wurin da Baba ya ce ko ban gan ka ba in taɓa ka, sai ya kifa kansa bisa teburin, kafaɗunsa suna motsi. Na zauna ina jira ya zage ni, ko ya mare ni a gaban mutane, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Da ya ɗago ya share fuska da hularsa, ya ce:

"Jallabiyar, ta yi mishi daidai?"

Na ce ta yi. Na ce da ita ya hau tudun.

Ya gyaɗa kai. Na ce Illiya ka yafe mini. Bai amsa wannan ba. Na ce zan tara mutanen gari bayan Juma'a in faɗa musu gaskiya. Nan ne ya dube ni sosai.

"Kada ka yi. Yaranka sun rasa uwa, kada su rasa uba cikin wata guda. Ni na saba da sunan da nake da shi. Ka bari sai ba ni."

Ya ɗauki jakata ya raka ni har bakin mota, domin bai taɓa yarda in ɗauki kaya yana tsaye ba. Bayan nan mun ci gaba da gaisawa, suna da biki yana zuwa, 'ya'yansa suna hutu a gidana. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma na ƙara roƙonsa sau ɗaya, ya ce Yaya shayinka yana hucewa. Na karɓi rufin asirin da ya yi mini, na zauna a cikinsa shekara da shekaru ina amsa gaisuwar mutane, kuma wannan ma ban ƙirga shi cikin abin kirki ba.

Bara da sanyi Illiya ya rasu a Konni. Ina hanya ya cika, ban same shi ba. Bayan an dawo daga maƙabarta na sami matarsa a ƙofar ɗaki, na yi mata gaisuwa, na daɗe ina juya hulata a hannu. Sannan na tambaye ta ko ya bar mini wata magana. Ta ɗago ta dube ni, ban san iyakar abin da ta sani ba. Ta ce bai ce komi ba. Na ce to, Allah shi gafarta mishi. Na sa takalmana na fito.